Fatawar da Ban Tambayo Ba

Kwana uku na yi a Jidda ina jiran mutumin da aka ce zai tarbe ni. Wanda ya shirya mini tafiyar tun daga Funtuwa ya rantse cewa akwai kamfanin mahajjata da ke neman mai jin Rashanci ruwa a jallo. Za su ba ni ɗaki, su yi mini iƙama, wato takardar izinin zama, ni dai in shigo da bizar Umara kawai. Lambar da ya ba ni ta yi ta ƙara ba a ɗauka, a rana ta huɗu kuma aka kashe ta. Shekarata hamsin da bakwai, ga furfura a gemu, ga takardar injiniyan ban ruwa a jaka, amma aka yi mini abin da ake yi wa baƙauye ranar kasuwa.

Rashancin nan a Tashkand, babban birnin Uzbekistan, na koyo shi ina saurayi, lokacin da Tarayyar Sobiyet ke ɗaukar 'ya'yan talakawan Afirka karatu kyauta. Ina shekarar ƙarshe ƙasar ta wargaje muna ji muna gani. Malamanmu suka koma sayar da kwanukan gidajensu a bakin titi, mu kuma muka karɓi takardunmu muka yi gida. Na yi aiki a kamfanin gurzar auduga har ranar da aka sa masa kwaɗo. Daga nan sai buga-buga, har ta kai Hadiza matata ta sayar da keken ɗinkinta don wannan tafiya. Da wane ido zan kalle ta in na koma a kwana na biyar? Na hau motar Makka.

Na yi Umarata, na kwana biyu a harabar Harami ban san inda zan dosa ba. Wani direba ɗan Cadi ya ji ina waya da Hausa, ya ɗauke ni ya kai ni unguwar Zahir, gidan Malam Haruna. Dattijo ne da iyayensa suka shigo da shi ta Sudan yana goye. Asuwaki da turare yake sayarwa a kasuwar unguwa, da hantsi kuma manya kan ɗauki karatu a wurinsa. Ya dube ni, ya dubi jakata.

"Akwai ɗaki a saman bene," in ji shi. "Zafi gare shi, amma babu mai ƙwanƙwasa maka. Ka zauna, Injiniya, ma fi mushkila. Abu ɗaya zan faɗa maka: ranar da bizarka ta ƙare, ka koyi tafiya ta gefen bango."

Na kuwa koya. Na iya gane motar jawazat, masu kamen marasa takarda, tun daga nesa. Na daina tsayawa inda aka taru, na daina gardama ko da ni ke da gaskiya. Na yi dakon katan-katan, na yi wanke-wanke a gidan abinci. Ranar Juma'a matar Malam kan aiko mini da tuwo da miyar kuka, in ci a hankali don kada ya ƙare. A ɗakin nan labari ya iske ni cewa 'yata Safiya ta haihu, aka yi suna ina kallon hotuna a waya. Hadiza ba ta taɓa cewa in dawo ba. Cewa take, "Ka yi mana addu'a a gaban Ɗakin Allah," ni kuwa sai in yi sati uku ban kusanci Ɗakin ba don tsoron shingen askarawa. In ce mata, "Na yi."

Wata rana ina wucewa ta unguwar Misfala da katan a kafaɗa, na ji wasu mata biyu suna ciniki da hannu, suna tsine wa mai shago a tsakaninsu da Rashanci. Bakina ya riga ni, na gaishe su. Ɗayar har ta saki ledarta don mamaki. Na ajiye katan ɗin na yi musu tafinta. Kafin in ɗauki katan ɗina sun sayi rabin abin da da farko suka ce ya yi tsada.

Mai shagon, Abu Faisal, haifaffen Makka ne, kakansa Basakkwace. Hausarsa a cakuɗe take da Larabci.

"Ya ammi, wannan lugga a ina ka samo ta?" ya tambaye ni. "Daga bukra ka ajiye katan ɗin nan, ka tsaya mini a bakin shago, halas."

Washegari na fara. Mutanen Uzbekistan da Tajikistan da Dagistan suna zuwa rukuni-rukuni, yawancinsu tsofaffin da suka girma ana hana su salla, yau ga su a Makka ba su jin ko kalma. Da sun ji baƙin mutum yana ambaton titunan garinsu sai su riƙe mini hannu kamar sun ga ɗan'uwa. Duk dabinon da Abu Faisal ya ce in kira ajwa, mai tsadar nan na Madina, ajwa na kira shi, ban tambaya ba. Da harshen da suka koya mini kyauta nake buɗe musu aljihu.

A azumina na biyu Tursun ya shigo shagon. Dogon tsoho ne siriri, da baƙar hula mai kusurwa huɗu, da kwat a cikin wannan zafin. Da na faɗa masa makarantar da na yi, sai ya jawo kujera ya zauna. Daga ranar kullum bayan la'asar sai ya zo. Ina kiransa Tursun-aka, wato yaya, kamar yadda suke girmama babba (mace kuma su ce mata opa), shi kuma yana ce mini ƙanena.

Malamin tarihi ne, shekara talatin da biyar a makarantar ƙauyensu. Ya ce yanzu rabin azuzuwan a rufe suke, matasa duk sun tafi ci-rani Mosko, har da ɗansa Anwar wanda ya biya masa wannan Umara da guminsa na aikin gini. Gandun gwamnati da ƙauyen ke ci a cikinsa an yanka shi gunduwa-gunduwa, masu wayo suka kwashi taraktoci. Ɗakin taron jam'iyyar kwaminis ya zama wurin biki, rumbun taki kuma ya koma masallaci yadda yake tun farko.

"Tarihin da na koyar ma an janye littafin," in ji shi. "Waɗanda na sa suka haddace shi suna wuce ni a hanya, suna gaishe ni, ba mai tayar da zance."

Fatiha sai da ya haura sittin ya koye ta, a bakin jikarsa. Ya roƙe ni in rubuta masa addu'o'in ɗawafi da haruffan Rasha, kada 'yan rukuninsu su gane bai iya ba. Na rubuta masa a bayan kwalin dabino.

Ranar ashirin ga wata muna zaune sai wata mata ta shigo, kakkaura, mai haƙoran zinare, tana tafe a ɗan sunkuye. Kafin in juya Tursun ya shige bayan jallabiyoyin da ke rataye. Matar ta taya turare, ta dubi kujerar da babu kowa a kai, ta fita. Sai sannan Tursun ya fito.

"Zulfiya ke nan," ya ce. "Layinmu ɗaya, rukuninmu ɗaya, otal ɗinmu ɗaya. Ɗalibata ce."

Ya koma kan kujera, sannan ya fara.

"Kai ka zauna da mu, ka san yadda abin yake. In azumi ya kama, umarni kan zo daga sama. A tsayar da malami a ƙofar makaranta da bokiti da kofi, duk yaron da zai shiga sai ya kurɓa a gabanka. Ni aka fi tsayarwa, don ina da katin jam'iyya. Yara kan kurɓa su wuce, wasu su zubar a bayan aji, in kau da kai. Ita tana 'yar shekara goma sha uku ta datse haƙora. Na sa mata kofin a baki, ruwan ya zuba a rigarta, ba ta buɗe ba. Shugaban makaranta yana kallo ta taga. Na rubuta rahoto."

"Sai me ya faru?"

"Ubanta shi ne shugaban direbobin tarakta, aka sauke shi. Ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin, likita take son zama, rahoton ya bi ta. A gonar auduga ta samu wannan bayan da ka gani. Da ƙasa ta rushe ta ɗauki jaka ta shiga fatauci, yanzu shaguna uku gare ta, ita ta yi wa masallacinmu rufi. Ni kuma fanshona ba ya kai ni ƙarshen wata. Shekara arba'in muna gaisawa. Ba ta taɓa ambata ba, ban taɓa ambata ba."

Ya ce ba zai iya tambayar jagoran rukuninsu ba, don ɗan ƙanenta ne. Ba ya kuma son tafinta ɗan ƙasarsu ya ji. Ya ji an ce a cikin Harami akwai malamai da ke zaune don amsa tambayoyi.

"Ka tambayo mini, ƙanena. Tuba ta isa, ko sai na je gabanta na faɗa da bakina? In malamin Harami ya ce in je, zan je, ko da za ta tofa mini yawu a gaban mutane. Amma ina so in ji daga nan."

Ya zaɓi koriyar darduma mafi kyau a shagon, ya ce da ita zai tafi wurinta in an ce ya tafi. Ya so mu je tare. Na ce ƙafafunsa ba za su iya cunkoson goman ƙarshe ba, ya bar mini. Gaskiyar magana, ba na son a gan ni ina jan baƙo kamar tafintan da ba shi da kati.

Kwana biyu kafin nan an kama wani maƙwabcinmu ɗan Maraɗi an kai shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Da wannan a raina na kama hanya washegari bayan azahar. Na bi ta cikin mutane har na hango hasumiyoyi, sai ga shinge, askarawa suna tsayar da wasu suna duba takardu, suna barin wasu su wuce. Wataƙila da na wuce babu mai kallona. Tsohon da ke gabana ya wuce, na bayana ma ya wuce. Ni na tsaya kamar mai gyara takalmi. Na tuna keken Hadiza, na tuna jikan da ban taɓa ɗauka ba, na juya.

Na samu inuwa a bayan wani otal na zauna wajen awa guda, don lokacin ya yi daidai da na wanda ya je ya dawo. A nan na tsara amsar. Na ce wa kaina ai Allah Mai gafara ne, ba ƙarya zan yi wa addini ba. Na ce tsoho ne, me zai sa a tona masa asiri a ƙarshen rayuwa? Har na fara jin kamar taimako zan yi.

Na same shi a kan kujera, dardumar a cinyarsa.

"Ka same shi?"

"Na same shi, Tursun-aka. Babban malami ne, ya saurare ni da kyau."

"Me ya ce?"

"Ya ce tilasta maka aka yi, laifin na wanda ya ba da umarni ne. Umara a cikin azumi ta wanke komai. Ya ce kada ka tayar da abin da ya kwanta, zuwa wurinta zai fama mata tsohon miki ne kawai."

Ya zuba mini ido. Na ɗauka ya gane. Sai ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na girgiza. Da ya natsu ya rungume ni, ya ce, "Ka yi mini abin da ɗan cikina bai yi mini ba." Ya naɗe dardumar ya ce zai kai wa surukarsa tsaraba. Ranar tare muka sha ruwa a bakin shago. Ya ci sosai, har yana ba Abu Faisal dariya da Larabcinsa na kalma uku. Ni dabino ɗaya kawai na ci.

Ranar ashirin da biyar suka tashi. Kafin su tafi Tursun ya rubuta mini lambar Anwar, ya ce in na ga dama in zo in ci inabin gidansa.

Washegari da hantsi, bayan ɗalibai sun watse, na zauna gaban Malam Haruna na kawo masa tambayar kamar ta wani ce daban. Bai ko buɗe littafi ba.

"Abin da ke tsakaninsa da Allah, tuba ta wanke shi," in ji Malam. "Amma haƙƙin yarinyar nan nata ne. Ba ni ba, ba limamin Harami ba, babu mai yafewa a madadinta. Tana raye?"

"Tana raye, Malam. Otal ɗinsu ma ɗaya."

"To ai Allah ya kawo masa sauƙi har ƙofa. Ka ce ya je yau."

"Jiya suka tafi."

Na faɗa masa komai. Malam ya yi ta juya asuwaki a hannu.

"Tsoron shinge ban ga laifinka ba, Injiniya, kowa a gidan nan ya san shi. Amma ni ina nan a ƙasan ɗakinka. Me ya hana ka cewa ba ka samu zuwa ba? Ka kira shi yau."

Na ce to. Ban kira ba. Na ce bari ya huta gajiyar hanya. Na ce bayan Salla. Bayan Salla kasuwa ta yi sanyi, babu abin da ya hana ni, na ce sai na tsara yadda zan faɗa. Aikin Hajji ya matso, kame ya tsananta, na kulle kaina a saman bene sati biyar, wayar tana gefena. Duk ranar da Malam ya tambaye ni sai in ce layin ƙasarsu ba ya shiga. Daga baya ya daina tambaya, wannan ya fi mini ciwo.

Wata huɗu suka wuce kafin in danna lambar, da safe, a bayan shago. Anwar ya ɗauka. Da na faɗi sunana sai muryarsa ta sake.

"Yusuf-aka na Makka? Baba ya rasu, yau sati uku. Zuciya ce, a gonar inabi ya faɗi. Ya dawo daga wurinku kamar an sake shi, yana ci, yana dariya, yana zuwa sahun gaba. Kullum sai ya sa ka a addu'a."

Na yi masa gaisuwa, sannan na ce, "Kafin ya rasu, ya je gidan Zulfiya-opa?"

"Me zai kai shi? Ita dai ta zo gaisuwa, ta kawo shinkafar sadaka kamar yadda take yi wa kowa a layin. Me ya faru?"

Da ma na tsaya a nan. Amma abin ya daɗe yana cina, na kwashe duka na faɗa masa, da bokitin, da rahoton, da inuwar bayan otal. Na roƙe shi ya je wurinta a madadin mahaifinsa.

"Ni ban san wannan labarin ba," in ji shi. "Mahaifiyarmu ma har ta mutu ba ta sani ba. Kai ya faɗa wa don kai baƙo ne. Ka hana shi faɗa wa wadda ya kamata, yanzu ka faɗa wa wanda bai so ya ji ba. Gobe zan koma Mosko, aiki ba ya jira. Ba zan je ba."

Ya kashe. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo daga gare shi, lamba ce kawai, babu ko sallama.

Wannan karon ban jira ba. Ta ɗauka, ana jin hayaniyar kasuwa a bayanta. Na ce ni ne baƙin mutumin shagon Misfala. Ta ce ta tuna ni, ni ne na sayar mata da dabinon da ya bushe tun a jirgi. Ta ce in dakata, na ji ta rufe ƙofa, hayaniyar ta ɗauke. Na yi mata bayani tun daga farko, ba ta katse ni ba.

"Na san yana ɓuya a shagonku," in ji ta. "Sau uku na shigo, ba don turare ba. Tun da na ga sunansa a jerin masu tafiya na ce to, a can zai faɗa. Har na shirya abin da zan ce masa. Kullum in na sauko cin abinci sai in zauna inda zai gan ni."

"Laifina ne, Zulfiya-opa. Ya yi niyya. Ni na tare shi."

"Na ji."

"Za ki yafe masa?"

Ta ja numfashi.

"Shi na yafe masa. Na ga tsoro a idonsa a ranar, yaro ne shi ma, da 'ya'ya ƙanana. Ba yafewar ce ta yi mini wuya ba. So nake in ji mutum ɗaya daga cikinsu ya tsaya a gabana ya ce abin nan ya faru, kuma ba daidai ba ne. Duk sun mutu, shi kaɗai ya rage. Shekara arba'in ina jira, a otal ɗin nan saura hawa biyu na bene tsakanina da shi. Wannan kai ka ɗauke mini, kuma ban yafe ba."



"Kana kusa da Ɗaki," ta ce. "Ka je ka faɗa a can, in za ka iya wuce shingen."

Ta ajiye wayar.